Jan Kwaɗon Alkassoum

A rumfar Alkassoum da ke Akokan, kusa da Arlit, gefen inda yake ajiye butar shayi da kaskon gawayi, akwai wani tsohon akwatin ƙarfe mai ruwan toka, da jan kwaɗo a bakinsa. Baƙo kan ɗauka wani abu mai daraja ake ɓoyo a ciki, har sai ya ji akwatin yana gurnani ƙasa-ƙasa. Wayar mai gidan ce. Yadda aka yi ta shiga nan, sai an ɗan koma baya.

Alkassoum mutumin wani ƙauye ne na wajen Keita, a ƙasar Tahoua. Ya zo Arlit yana saurayi, a bisa kamiyon albasa, cikin shekarun da garin ke jawo mutane daga kowace kusurwa. Ya fara da ɗaukar kaya. Daga baya aka sa shi riƙe wa masu aikin wuta tsani, yana kallo yana tambaya, har hannunsa ya faɗa. Ya yi fiye da shekara talatin yana gyaran kuran, wato wutar lantarki, a ramin ma'adinin Akokan, can ƙarƙashin ƙasa, inda babu haske sai na fitilar da ke goshin mutum, babu iska sai wadda inji ya turo. A wancan zamani garin yana da tsari. Motocin ɗaukar ma'aikata suna tsayawa a inda suka saba, mata sun san lokacin ɗora tukunya da jin ƙararsu, kuma mutum kan fito daga rami ya tarar da Bazazzage da Badamagare da mutumin Abzin suna jiransa a tabarma ɗaya.

A cikin duk abin da ya koya a ramin, doka ɗaya ta fi zama masa a jiki. Kowane mai aikin wuta yana da kwaɗonsa, da lambarsa a jiki, da mabuɗi guda tak. Kafin ka sa hannu a layin wuta sai ka kashe kuran daga tushe, ka rufe makunnin da kwaɗonka, ka jefa mabuɗin cikin aljihu. Muddin kwaɗon nan yana rataye, ko babban shef, shugaban aikin, ba shi da ikon cire shi. Mai mabuɗi kaɗai ke buɗewa. Alkassoum ya ga waɗanda suka ce gyaran ɗan ƙarami ne, ba sai an kulle ba, ya kuma raka ɗayansu maƙabarta. Shi bai taɓa tsallake dokar ba.

Da aka rufe ramin a shekarar 2021, ya mayar da fitila da hular kwano, amma kwaɗon ya biyo shi gida cikin akwatin kayan aikinsa. Abokan aiki suka watse, wasu Yamai, wasu Maraɗi, wasu Damagaram. Matarsa Sa'a ta tambaye shi ko su ma su tattara. Ya ce a ƙauyensu yanzu shi baƙo ne, a nan kuwa ya san kabarin kowa.

Yana da wani aboki makiyayi, Khalidu, dattijo daga dajin Dannet, a ƙasar Abzin. Sun haɗu tun wata shekara da Khalidu ya kawo ragunan layya, fitilarsa ta hannu ta lalace, Alkassoum ya gyara masa ya ƙi karɓar komai. Tun daga nan Khalidu ke kiransa Mai Wuta, kuma duk shigowarsa gari sai ya sauka a rumfarsa da ƙunshin cuku. Matar Khalidu, Aminatu, ita ke yin cukun. Nata ba shi da kauri, ba shi da tsami, kuma zanen tabarmar da take shanya shi a kai yana fitowa a jikinsa layi-layi. Wanda ya taɓa cinsa da dabino bayan shayi ba ya rikita shi da na kowa.

Cukun nan ne ya zama sana'a. Tsofaffin abokan aiki suka riƙa aiko da saƙo daga kudu cewa ba abin da suke kewa a Arlit kamarsa. Ƴar Alkassoum, Siddiƙa, da ke aikin jinya a Yamai, ta aiko masa da waya mai shafe-shafe, ta koya masa ɗaukar hoto da sa shi a Wasap. Khalidu ya kawo, Alkassoum ya naɗe cikin takarda, ya kai tasha, mota ta wuce da shi. Cikin shekara guda matan da bai taɓa gani ba suna tambayar cukun Aminatu da sunanta. Gidan ya sake samun abin dogaro, dangin Khalidu ma suka samu hatsi da sukari ba tare da sun sayar da akuya ba.

Sai dai wayar ba ciniki kaɗai ta kawo ba. Yawancin masu saye ba rubutu suke yi ba, saƙon murya suke aikowa, wanda ake kira bokal. Kuma ba wanda zai fara da maganar cuku. Sai ya tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da zafi, da labarin mutanen Arlit ɗaya bayan ɗaya, sannan can a ƙarshe ya ce yana son guda goma. Alkassoum kuwa an rene shi a gidan da barin gaisuwa ba amsa ya fi zagi muni, saboda haka kowa sai ya mayar masa da tsawon nasa. Ga kuma gurup-gurup da aka riƙa jefa shi ciki ba a tambaye shi ba: na ƴan Keita mazauna arewa, na tsofaffin ma'aikatan rami, na masallacin unguwa, na ƴan kasuwa, na wa'azi, na wani mai maganin ciwon baya. Ko'ina ana suna, ana biki, ana rasuwa, ana gardamar siyasa. Ya kan ɗauki wayar don ya duba ko kaya sun isa Damagaram, ya farga shayinsa ya huce yana kallon hoton wata motar da ta kife a ƙasar da bai san sunanta ba.

Sa'a ta ce masa wata rana, "Malam, da kana cikin rami na san lokacin hitowarka. Wanga ramin na hannunka ba shi da lokacin tashi."

Ya ce, "Ciniki ne, Sa'a."

"Wane ciniki? Tun ɗazu nike jin wani ƙato na tallar maganin baya. Ko cuku shika saye?"

Ya yi dariya, bai ɗaga kai ba.

Ranar da abin ya faru, Khalidu ya shigo da hantsi, cikin zafin bazara. Ya ajiye ƙunshin cuku, ya zauna a inda ya saba, ya gyara rawaninsa har bisa hanci. Alkassoum ya hura gawayi, ya ɗora buta. Al'adarsu tun farko ita ce shayi uku: ba a maganar kaya sai an sha na ƙarshe, kuma baƙo ba ya tashi kafin nan. Suka gaisa. Aka zuba na fari. Sai wayar ta motsa. A gurup ɗin ƴan Keita an sanar da rasuwar wani dattijo wanda Alkassoum ko sunansa bai taɓa ji ba, amma kowa yana aika ta'aziyya, ya ga bai kyautu a rasa tasa ba. Ya duƙufa yana laluben haruffa da yatsa ɗaya. Yana jin muryar Khalidu a gefensa, a hankali kamar kullum, yana cewa "uhm, uhm" a inda ya ji an tsagaita. Ya zuba na biyu da hannun hagu, idonsa na kan wani bokal daga Maraɗi. Da ya ɗago don ya ƙara sukarin na uku, sai ya ga baƙonsa a tsaye, ya riga ya sa takalmi.

"A'a, ina za ka? Saura guda."

Khalidu ya ce, "Mota yana jira." Ya yi sallama ya fita.

Alkassoum yana tsaye da butar a hannu sai Sa'a ta fito daga bayan zana, tana share ido da bakin mayafinta.

"Malam, mi kac ce mishi?"

"A kan mi?"

Ta dube shi kamar ba ta san shi ba. "Ba ka ji ba? Hamadi ya rasu. Rijiyar zinariya ta rufta da shi a Tchibarakaten. Bawan Allah ya zamna gabanka ya hwaɗa maka tun daga farko har inda aka binne shi, kai kana ta uhm, uhm."

Hamadi shi ne babban ɗan Khalidu. Yana yaro ya sha kwana a wannan rumfar, Alkassoum ne ma ya koya masa haɗa batir da fitila. Alkassoum ya dubi wayar. Ta'aziyyar da ya rubuta wa mutumin da bai sani ba tana nan, har wasu sun sa mata alamar hannu. Ya ruga tasha da silifas. Motar daji ta riga ta tashi.

Khalidu ba shi da waya, inda suke ma babu rezo, waya ba ta kamawa. Ba yadda za a aika masa da bokal. Alkassoum ya jira motar da ke shiga Dannet, ya hau bisa buhunan gero, ya sauka a wata rijiya, ya yi ta tambaya har aka nuna masa inda tantinsu ya koma. Ya tarar da Khalidu a inuwar wata ƙaya. Dattijon ya tashi, ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo nono. Babu abin da ya rage na karɓar baƙo. Alkassoum ya yi ta'aziyya, ya yi addu'a, ya je bakin tanti ya yi wa Aminatu tata. Sannan ya dawo ya ce, "Yayana, na yi maka laihi."

Khalidu ya dubi awaki. Ya ce, "Wayarka ya bar ka ka zo?"

"Tana cikin jaka. Nan ba ta magana."

"To, daji yana da amfani."

Khalidu ya hura wuta. Ya yi masa shayi uku cif, ya raka shi har rijiya, amma bai sake ambaton Hamadi ba, bai kuma ce ga ranar da zai shigo gari ba. Alkassoum ya san mutanen Abzin. Ba su faɗa, ba su tsawa. In ka ɓata musu, sai ka wayi gari kana samun gaisuwa cikakkiya da ba komai a cikinta. A kan hanyar komawa abin da yake juyawa a ransa guda ne: ko mutumin nan zai sake zama a rumfarsa.

Da ya dawo ya yi niyyar gyarawa. Ya kashe ƙarar wayar, sai ya zama yana duba ta fiye da da, don kada wani abu ya wuce shi. Ya sa ta ƙarƙashin matashi, hannunsa ya riƙa zuwa can da kansa. Ya ba Sa'a ta riƙe, kafin azahar ya karɓe da hujjar direba zai kira. Ta ce, "Ni ba ni iya tsaron abin da mai shi ke roƙona da ido."

Wata safiya yana neman filaya don ya ɗaure ƙafar kaskon gawayi, ya buɗe tsohon akwatin kayan aikinsa. Jan kwaɗon yana kwance a ƙasan akwatin, mabuɗin a jikinsa. Ya ɗauka, ya goge lambar da babban yatsa. Ya tuna cewa a rami ba a taɓa ce wa mutum ya yi hankali da wuta kawai a bar shi ba. Kowa ya san hankalin mutum yana kaucewa, shi ya sa aka yi kwaɗo. Ya juye kayan aikin cikin kwali, ya sa wayar a akwatin, ya kulle.

Daga nan ya tsara aikinsa kamar yadda aka saba a da, da lokacin shiga da lokacin fita. Yana buɗe akwatin bayan ya karya kumallo, ya saurari masu saye, ya amsa, ya kulle. Ya sake buɗewa bayan la'asar, ya ji labarin motoci. Tsakanin nan mabuɗin yana rataye a ƙusa a ɗakin Sa'a, inda sai ya yi sallama kafin ya shiga. Ya yi bokal guda, ya gaida kowa gaisuwa mai tsawo har ta ishe su, ya gaya musu lokutan da za su same shi, ya aika wa duka. Siddiƙa ta nuna masa yadda ake fita daga gurup. Wannan ya fi masa wuya, domin wayar tana sanar da kowa cewa wane ya fita, kamar mutum ya tashi daga taro ya kaɗe riga. Ya bar na masallaci da na tsofaffin ma'aikata, ya fice daga sauran.

Ba a daɗe ba Harisu, wanda suka yi aiki tare kuma yanzu yake Maraɗi, ya same shi a waya bayan la'asar.

"Kai Alkassoum, an ce ka fita daga gurup ɗin garinku. Sarauta aka ba ka?"

"Sarautar rumfata."

"Kuma na kira ka da rana, shiru. Ko ka koma rami ne ba mu sani ba?"

"Na sa kwaɗo."

Harisu ya fashe da dariya har yana tari. "Jan nan? Yana nan? To wallahi ba mai taɓa shi. Sai ka buɗe."

Ba kowa ya ɗauke ta da dariya ba. Wata hajiya a Yamai ta ce ita ba ta ciniki da mai wayar da ke barci da rana, ta koma wurin wani. Wasu ƴan Keita suka daina gaishe shi a masallacin Juma'a na ɗan lokaci. Abin da ya fi wannan, cukun da Khalidu ya bari ya ƙare. Akwai cuku a kasuwar Arlit, masu kawo shi ma suka biyo Alkassoum har gida. Ya ɗanɗana, ya ce ba laifi, amma mutanensa na Aminatu suke tambaya, ba zai naɗe wani ya aika da sunanta ba. Saboda haka sai ya zama yana buɗe akwati safe da yamma don kawai ya ce wa mutane babu, a yi haƙuri. Sa'a ta fara soya ƙosai a ƙofar gida. 

Bazara ta wuce, aka yi ɗan ruwa a daji. Duk ranar da motar Dannet ke shigowa, Alkassoum ya kan share rumfa, ya wanke finjalai, ya zauna. Sau da yawa ya sha shayinsa shi kaɗai.

Ran nan da hantsi, yana tsakiyar sauraron wani bokal, ya ji sallama. Khalidu ne, ya rame, sanda a hannu, babu ƙunshi. Alkassoum ya katse bokal ɗin a tsakiyar gaisuwa. Ya sa wayar a akwati, ya danna kwaɗon har ya yi ƙara, ya miƙa wa baƙon mabuɗin da hannu biyu.

Khalidu ya juya shi a tafin hannunsa. "Wannan na mene ne?"

Alkassoum ya gaya masa dokar rami, yadda mai mabuɗi kaɗai ke buɗewa, ko shef ba ya taɓawa.

"Guda nawa ne mabuɗin?"

"Shi ke nan. Ba shi da ɗan'uwa."

"In na tafi da shi daji fa?"

"Sai ta jira ka."

Dattijon ya buɗe ƴar jakar fata da ke rataye a wuyansa, inda yake ajiye taba da allura, ya jefa mabuɗin ciki, ya zauna a inda ya saba. Alkassoum ya hura gawayi. Aka zuba na fari. Akwatin ya yi gurnani, ya yi shiru, ya sake. Khalidu ya dube shi, ya dubi Alkassoum.

"Yana kuka."

"Bar ta. Ba yunwa take ji ba."

Sai da aka kai rabin na biyu Alkassoum ya ce, "Yayana, gaya mini labarin Hamadi. Ban ji ba."

Khalidu ya ja rawaninsa sama. Ya fara daga shekarar da fari ya kashe musu awaki, yaron ya ce zai je zinariya damina ɗaya kawai ya dawo. Ya faɗi rediyon da ya aiko wa uwarsa, da yadda abokansa suka yi ta tono da hannu, da mutumin da ya kawo labarin tare da takalmansa a cikin leda. Ya ce Aminatu ta daɗe ba ta taɓa ƙwaryar nono ba, sai da ruwan nan ya sauka awaki suka haihu. Yana magana yana tsayawa, Alkassoum bai cike masa shirun da komai ba. A bayan zana an daina jin motsin tukunya. Gawayin ya kusa mutuwa kafin a tuna da shi, na ukun ya fito da ɗan sanyi, amma Khalidu ya shanye, ya kife finjalin a kan tire.

Ya miƙe, ya sa takalmi.

Alkassoum ya ce, "Ba ka tsaya ka ci abinci?"

"Zan dawo. Kayan yana tasha, wurin direba. Na bar shi can, na ce bari in ga Mai Wuta tukuna." Ya dafa jakar wuyansa. "Wannan yana wurina. In na dawo na buɗe maka."

Ya fita da sandarsa, ba ya sauri. Sa'a ta leƙo ta ce a ƙara shinkafa ke nan. Akwatin ya sake gurnani. Alkassoum ya jawo bokitin ruwa, ya wanke finjalan, ya ƙara gawayi a kasko, sannan ya shiga ɗaki neman takardar naɗe cuku.